Zan sayar da Land Cruiser ta shiga daji: in bar ta da kayanta ko in kwance su?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mota. Ina da Land Cruiser 105 ƙirar 2003, mai shan gas, injin 1HZ, giyar hannu, wasunku sun santa, farar nan da muke zuwa Yankari da Mambila da ita. Buƙata ce ta taso, ginin da na fara ya tsaya a linta ga damina na tahowa, dole in rabu da ita duk da wallahi raina bai so ba.

Abin da ke jikinta: tanti na saman rufi mai ɗaukar mutum biyu da yaro, kariyar ƙarfe, rumfa ta gefe, bamban ƙarfe a gaba da winci (injin jan mota da igiya), bututun shaƙar iska da ya hau gefen gilashi, an ɗaga ta inci biyu da sababbin sifirin da shoka, tayoyin laka biyar har da safaya, batir na biyu da faifan sola da ƙaramin firij, sai durowoyi da tankin ruwa a baya inda na cire kujerun ƙarshe. Kujerun suna nan a ajiye a gida.

Na sa ta miliyan 19. Dillalan da suka gani duk tayin mota tsura suke yi kamar kayan ba sa jikinta, mafi tsoka 13, wani ma ce min ya yi in cire tarkacen nan tukuna. Toh shin in kwance kayan in sayar daban, ko in yi haƙuri in jira wanda ya san darajarsu?

Dillalin_Mando:
Wa alaikumus salam. Alhaji gaskiya ɗaya ce, kwance. Mu da muke zaune a bakin titi da motoci mun san wa ke zuwa saye. Wanda zai sayi irin wannan a Kaduna ɗan kwangila ne ko mai babbar gona ko masu haƙar ma'adinai, su kujeru suke so da wurin zuba kaya, ba tanti ba. Kuma da mutum ya ga winci da tayar laka abin da ke zuwa masa a rai shi ne motar nan ta ci wuya a daji, sai ya fara rage kuɗi tun kafin ya buɗe bonet. Kayan da ka sa kamar riga ce da tela ya ɗinka da awonka, kai ta yi wa daidai. Mayar da kujerunka, sa bamban kamfani in yana nan, a wanke ta, za ka ga ta tafi da wuri.

Sadiq_Barnawa:
Ni ban yarda ba. Oga dillali kana magana ne kan masu zuwa filinku, amma ai ba su kaɗai ne masu saye ba. Akwai mutane a Abuja da Jos da Legas da ke neman mota haɗaɗɗiya irin wannan, domin in za su haɗa da kansu yau sai sun yi odar tanti da winci da firij daga waje da dala, ga kuɗin jirgi ga kwastan ga jira. Wanda ya san wannan lissafin ba zai ce tarkace ba. Baban Ilham ka ɗau hotuna masu kyau da tantin a buɗe, ka sa a Jiji da Facebook, kar ka tsaya kan kasuwar Kaduna kawai.

AbuKawo:
Kilomita nawa ta ci? An taɓa buɗe inji?

Baban_Ilham:
@AbuKawo ta ɗan haura dubu 310. Ba a taɓa buɗe inji ba, nozul kawai aka yi wa sabis, sai kuloci da na canza. Juyen baƙin mai kuwa ba na wasa da shi, duk a rubuce suke a littafi.

Usta_Panteka:
Dubu 310 a 1HZ ba abin tsoro ba ne in dai ba ta taɓa tafasa ba. Injin nan silinda shida ne, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfutar da za ta tsayar da kai a daji, famfon gas ne irin na da wanda kowane mai gyaran nozul ya sani. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna riƙe da shi. Ba ya gudu, a hawa sai ka yi haƙuri da shi, amma zai kai ka ya dawo da kai.

Ga abin da mai saye na gaske zai duba, ka riga shi dubawa. Na farko bel ɗin taimin, wannan injin bel yake amfani da shi ba sarƙa ba, in ya tsinke yana tafiya ɓarna ce babba, in lokacinsa ya yi ka canza ka ajiye rasit. Na biyu a tashe ta da sassafe inji na sanyi a ga hayaƙi, in fari ya ɗan fito ya ɗauke ba komai, in ya ƙi ɗaukewa ko ya koma shuɗi akwai magana. Sai a buɗe murfin baƙin mai tana aiki a ga ko tana huci da yawa. Sai giya, domin giyar 105 mai gas ba ta kai ta Land Cruiser 80 da ta gabace ta ƙarfi ba, masu jan kaya a giya biyar su suke kashe ta, in tana kuka a biyar ko tana tsallewa mai saye zai ji. Ƙarshe a shiga ƙarƙashi da tocila a duba casis, wurin da laka ke maƙalewa ta kwana nan tsatsa ke farawa.

In duk wannan lafiya lau ne, 13 ta yi kaɗan ko da ba tanti.

Dan_Rigasa:
Ai wannan ita ce V8 ɗin nan da manya ke hawa a da ko? In ita ce akwai su birjik, wani maƙwabcinmu ya sayar da tashi ko 10 ba ta kai ba

Usta_Panteka:
@Dan_Rigasa a'a ɗan uwa, jiki ne ya zo ɗaya. Wacce kake nufi 100 ce, mai fetur V8, ƙafar gabanta kowace taya da hannunta. Ita 105 leƙa ƙarƙashinta za ka ga aksil guda ya ratsa daga taya zuwa taya irin na 80. Ita aka yi domin mummunar hanya, kuma ba ta da yawa a kasuwa kamar waccan. Daga 1998 zuwa 2007 aka yi su duka biyun shi ya sa ake rikita su.

Maman_Hanif:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni tambayata wa zai sayi motar kwana a daji a wannan zamani? Mu da muke addu'a in miji ya kama hanyar Abuja har sai ya kira ya ce ya sauka. Tun harin jirgin ƙasa na Maris 2022 ni ko biki aka ce a wajen gari sai na yi ta tunani. Ba wai ina kushe motar ba ne Baban Ilham, amma ina ga dalilin da ya sa tayin ke zuwa ƙasa ke nan, abin da aka haɗa ta dominsa mutane sun ji tsoronsa. Matan gida ma ba za su bari ba.

Jibrin_UnguwarRimi:
Hajiya kin faɗi gaskiya. Gandun Kamuku yana nan cikin jiharmu a Birnin Gwari, amma yaran da aka haifa shekarun nan ba su san shi ba sai a littafin makaranta. An ce hanya ta yi sauƙi tun sulhun ƙarshen 2024 har kasuwar shanu ta dawo, Allah ya ɗorar, amma wucewa da rana daban, kafa tanti ka kwana daban.

Dan_Gembu:
Anti Maman Hanif ba ko'ina ba ne daji ɗaya. Kuma masu wannan harkar ba wai tsayawa suke a tsakiyar dokar daji su kwanta ba, ana zuwa ne wajen mai gari ko jami'an gandu a gaisa a faɗi abin da ya kawo ka, su nuna maka inda za ka kafa, sau da yawa ma bayan makaranta ne ko kusa da masaukin baƙi. Ni a wajenmu na ga motar nan da idona. Wanda ya taɓa hawa dutsen daga Mayo Selbe ya san abin da nake faɗa, kwana kan kwana, gefe guda dutse gefe guda rami, manyan motoci na nishi, ita kuwa a giya biyu take tafiya abinta ba ta ɗaga allurar zafi ba. Da muka bar kwalta bayan Nguroje ruwa ya sauka, jar lakar nan mai santsi kamar an zuba mai, wata Hilux ɗauke da buhunan masara ta zame ta kwanta a lambatu. Alhaji ya sauko ya murɗa makullan tayar gaba, ya sa ƙaramar giya, ya ja igiyar wincin ya ɗaura, ya yafa bargo a tsakiyar igiyar ya ce kowa ya matsa baya. A hankali a hankali sai ga Hilux ta hau hanya. Direban har hawaye ya yi. Mutanenmu can sun san amfanin winci, in da kuɗin a hannuna yake wallahi ba za ta kwana a Kaduna ba.

Baban_Ilham:
@Dan_Gembu Allah ya bar zumunci. Iyalina har yau suna maganar sanyin Gembu da shayin Kakara. Maman Hanif ba ki yi laifi ba, ni ma akwai hanyoyin da na daina bi gaba ɗaya, kuma ba na tafiyar dare ko da wasa.

AbuKawo:
Ni abin da ya fi damuna mai ne. Gas ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, fetur ya bi shi da aka cire tallafi a Mayun 2023, yanzu kowa ƙaramar mota yake nema ko ya mayar da tashi CNG. Ga tanti a sama yana tare iska ga tayar laka, ai shan ta zai ƙaru sosai.

Sadiq_Barnawa:
Zai ƙaru kam, ba musu. Amma gwada ta da mai fetur ɗin 4.5 ka ga bambanci, waccan ita ce mai shanye aljihu. Kuma wanda zai sayi wannan ba da ita zai riƙa kai yara makaranta a Ali Akilu ba, ajiye ta zai yi sai tafiya ta taso.

Alh_Malali:
Duk kun tsaya kan farashi, ni ina so in ja hankalin Baban Ilham kan wanda zai sayar wa. Mota ce mai shiga inda wata ba ta shiga, tana da tanki biyu, tana da wuta da ruwa a jikinta. Irin wannan ba a miƙa wa mutumin da ba a san asalinsa ba don kawai ya zo da kuɗi a buhu. Gobe in aka tsince ta inda bai dace ba, sunan da ke kan takarda shi za a nema. Ka rubuta yarjejeniya, shaidu biyu naka biyu nasa, hoton katin ɗan ƙasa da lambar waya da adireshin da wani ya tabbatar, lambar casis da ta inji a jiki, kuma ku je tare a yi canjin mallaka, kar ka yarda da zan yi daga baya. Kuɗi ta banki, kuma ba saƙon alat za ka duba ba, buɗe asusunka ka ga sun zauna. Wajen gwaji kar ka ba da makulli ka tsaya, ka shiga kai da wani, da rana, cikin gari. Wani ƙanin abokina haka aka yi masa, aka ce bari a zagaya a ji inji, har yau.

Kuma kar ka kai baƙo gidanka ganin mota. Ku haɗu a gidan mai ko garejin makanikinka.

Hauwa_Kabala:
Ƙari kan maganar Alhaji, takardar kwastan fa? Da yawa daga cikin 105 da ke ƙasar nan ƙungiyoyi ne da ofisoshin jakadanci suka shigo da su da rangwamen haraji, in aka yi gwanjonsu sai an biya kuɗin fito kafin ta zama ta kowa. Wasu ba sa biya, motar ta yi ta canza hannu, sai ranar da aka tare mutum a hanya. Mai saye mai wayo wannan zai fara tambaya kafin tanti.

Baban_Ilham:
@Hauwa_Kabala gwanjon wata ƙungiya ce kam asalinta, amma wanda na saya a hannunsa ya biya, takardun na nan na asali, duk mai so mu je a tantance. @Alh_Malali ranka ya daɗe na gode, wannan maganar ta shige ni, zan kiyaye.

Malam_TudunWada:
Allah ya sa albarka a cinikin. Tunatarwa ce kawai, duk aibin da ka sani a jikinta ka faɗa wa mai saye da bakinka ko bai tambaya ba, Manzon Allah SAW ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Su ma dillalai su ji tsoron Allah su bar turo mutanensu suna tayin ƙarya, ko don a ɗaga farashi ko don a karya zuciyar mai kaya.

Baban_Ilham:
Jazakallahu Malam. Bari ma in faɗa a nan kowa ya gani. AC tana sanyi amma ba sosai ba da tsakar rana. Ƙwallon bakin tayar gaba ta hagu yana gumin giris, sil ne, ban kai ga canzawa ba. Akwai ƙarcen itace a gefen dama tun daga ƙofa har baya, fenti ne kawai ba a taɓa buga ta ba. Zif ɗin tagar tantin guda ɗaya yana cijewa. Tayoyin kuma ƙirar 2022 ne duk da ƙwayarsu na nan da kauri.

Usta_Panteka:
Kawo ta in canza maka sil ɗin, aikin yini ɗaya ne, kar ka bari mai saye ya ga giris ya cire maka rabin miliyan a kan abin da bai kai haka ba. Tayar kuma za a yi maka magana, 'yan Road Safety shekara huɗu suke lissafawa daga lambar nan huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara.

Rewaya_OriApata:
Masu cewa a kwance, kun taɓa kwance irin wannan kuwa? Ba a cire komai a koma yadda ake. Bututun iskan nan sai da aka huda fenda aka sa shi, in ka cire rami ne zai bayyana sai fanal bita da fenti. Sifirin da aka sa masu ɗaukar nauyi ne, an zaɓe su ne saboda bamba da winci da durowa, in ka sauke nauyin ka bar su motar za ta riƙa tsalle mai saye ya ce ƙafarta ta lalace. Wayoyin batir na biyu sun bi ta ƙarƙashin kafet har baya, in yaro ya zo ya yanke ya naɗe da salatif ka haɗa wa wani gobara. Ni shawarata a raba biyu. Abin da ke kan kusoshi kawai, tanti, rumfa, firij, sola, durowa, a sauke a sayar daban. Abin da ya zama jikin mota, bamba da winci da bututu da sifirin da taya, a bar su. A mayar da kujeru. Shi ke nan ɗan kwangila zai ga mota, mai yawo ma zai ga mota, in yana son tantin ku yi ciniki na biyu.

Sadiq_Barnawa:
Wannan ta fi ta dillali ma'ana, amma tantin shi kaɗai wa zai saya a Kaduna? Sai ya shekara a gareji ɓera ya ci. Da motar yake da daraja.

Dillalin_Mando:
Malam na ji tunatarwa, kuma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba, ni la'adata kawai nake ci kuma a gaban mai kaya ake sallamawa. @Sadiq_Barnawa mutanen Abujan da kake faɗa na san su, za su kira, su ce a turo bidiyo, su yaba, su ce sai ƙarshen wata. Mai gini da damina a kansa ba shi da wannan lokacin, siminti ba ya jiran kowa. In Alhaji zai iya jiran wata uku huɗu to ya jira, zai iya dacewa. In kuɗi yake so kafin ruwa ya sauka, maganar Rewaya ita ce, kuma a haka ina ga za a iya kai ta 15 in takardu sun cika yadda ya ce.

Jibrin_UnguwarRimi:
Wai dole sai an sayar? Me zai hana ka ba da ita haya, akwai kamfanoni masu ba ƙungiyoyi da masu aikin safiyo motoci, irin wannan suke nema. Ka samu na kwano a hankali motarka na nan.

Alh_Malali:
Jibrin haya sai wanda zai iya kawar da kai. Direban da ba nasa ba ne zai shiga da ita rafi da gudu, ya bar ta a ogzilari, giyar jan taya huɗu, kan kwalta, a dawo maka da ita tana kuka, kuɗin kuma sai an yi wata da watanni ana bi. Mutumin da ke rubuta ranar juye a littafi ba zai jure wannan ba.

Maman_Hanif:
Toh in an kai ga rabawa ni ina son firij ɗin da solar da batirinsa, nawa za a bar min? Maganin mahaifiyata na suga sai da sanyi, wutar unguwarmu kuwa sai a hankali.

Rewaya_OriApata:
Hajiya zai yi miki, irin wannan firij ɗin ba ya cin wuta sosai, amma a haɗa miki da kwantirola kar a jona faifan kai tsaye da batir.

Baban_Ilham:
Maman Hanif in dai na raba ke ce farko, kuma ba za mu yi jayayya a kan kuɗi ba, Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya har yanzu zuciyata biyu. Kaina ya karɓi maganar Rewaya da ta Oga dillali, amma in na tuna yadda aka auna durowoyin nan aka yanka daidai da tukunyar gas da akwatin kayan aiki, sai in ji ba na son a wargaza. Abin da zan yi yanzu, gobe in kai wa Usta ya canza sil ya duba bel, in ɗau hotuna yadda Sadiq ya ce in saka, in ba ta zuwa ƙarshen wata. Duk mai son gani ranar Asabar bayan la'asar tana garejin Usta, ya zo da makanikinsa.

Dan_Gembu:
Alhaji kafin ka sauke komai ba ni kwana biyu, akwai wani mai shanu a Nguroje da ya daɗe yana tambayar irinta, zan tura masa hotunan. Sai dai shi na san tantin ba zai dame shi ba, wincin zai fara tambaya.

Dillalin_Mando:
Ka ji ko Sadiq. Ko can ɗin ma ba tanti ake nema ba.

Sadiq_Barnawa:
Mutum ɗaya ne wannan Oga, bari hotuna su fita tukuna. Baban Ilham in za ka ɗauka ka fita da ita bayan gari wajen Kangimi ko inda akwai fili, da safe, ka buɗe rumfar da tantin duka, kuma ka rufe lambar motar kafin ka saka.

AbuKawo:
Asabar ɗin zan leƙo in sha Allah, yayana ne ke nema saboda gonarsa ta wajen Kachia. Usta garejin naka ta wace ƙofa ake shiga, ta bangaren masu walda ko ta masu katako?